Wankin Gishiri

Shekara huɗu na yi a lakkol, wato makarantar boko, kuma ina so a rubuta wannan tun da fari, don tsohuwata, uwar ɗiyana, tana gaya ma mutane uku ne. Ta huɗun na yi ta, ko da yake rabinta a garkar albasar mushe, malaminmu, na yi ta ina korar awaki. Abin da na fito da shi bai taka kara ya karya ba: ina karanta abin da ke jikin buhu, ina sa hannu a takarda ba dangwale ba, kuma in an yi faransanci sannu-sannu ina gane ko zagina ake. A garinmu, can bayan duwatsun Tabotaki, wannan ya isa a ce ma mutum mai ilimi, in dai babu baƙo a kusa.

Mu biyu munka rage cikin ɗiyan innarmu, ni da ƙanena. Shekara biyar na ba shi. Yau ga shi da furfura, amma tsawonshi bai wuce hammatata ba. Kunnenshi nauyi gare shi, sai ka tsaya gabanshi ka buɗe baki sosai kafin ya ɗauki magana, shi kuma tashi maganar guntu-guntu take fitowa. Bai yi aure ba, gidana yake zaune, kiwon awaki ne aikinshi, kuma ban taɓa jin akuya ta ɓata a hannunshi ba. Dariya kuwa Allah ya ba shi rabon mutum uku. In ya fara ta sai ya zauna ƙasa, kai ma da ba ka san dalili ba sai ka taya shi.

Innarmu tana da maƙoƙo, kumburin nan na wuya, nata kamar an rataya mata ɗan gora ƙarƙashin haɓa. Ba ita kaɗai ba ce a unguwarmu, kuma babu wanda ya ɗauke shi ciwo. Gado ake ce mishi, in ƙarami ne ma har yabo ake, wai cikar wuya. Da ta haifi ƙanena mata sunka yi ta taya ta murna: yaro mai haƙuri, ba ya kuka, sai barci, sai an tashe shi ya sha nono. Ya shekara uku bai tashi tsaye ba. Kakanmu, wanda bai daɗe da fara salla ba kuma bai gama sallama da tsofaffin abubuwan gidanmu ba, ya ce innarmu ta ratsa ƙarƙashin tsamiyar bakin ƙorama da tsakar rana tana da ciki. Anka yanka jan zakara gindin tsamiya, liman shi ma ya yi rubutu. Yaro ya sha rubutu, mu munka ci zakara, anka zauna a haka.

Na kai shekara sittin da wani abu kafin in ji wata magana daban. Ƙaya ce ta karye cikin ƙafar ƙanena, wurin ya yi ruwa, na ɗora shi bisa amalanke na kai shi likita. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, yaro ne da bai kai ɗana na uku ba. Ya cire ƙaya, ya ɗaure ƙafa, sannan ya tsaya yana kallon ƙanena fiye da yadda ƙafa ke buƙata.

"Baba, tun haihuwa yake haka?"

Na ce tun haihuwa.

"Mahaifiyarku tana da maƙoƙo?"

Na dube shi da kyau. Na ce, "Kai ɗan nan, likita kake ko duba kake yi? Innarmu ta rasu ubanka bai yi aure ba."

Ya yi dariya, ya jawo mini kujera. Ya ce akwai wani abu cikin abinci, iyod sunanshi, ɗan kaɗan jiki ke so amma ba ya yi sai da shi. Ƙasa irin tamu ta duwatsu ba ta riƙe shi sosai, don haka gero da dawar da anka noma cikinta su ma ba su da shi. In mace ta daɗe ba ta samu ba sai wuyanta ya kumbura. In kuma ciki gare ta, ɗan ba shi da inda za shi samo sai wurinta, alhali da shi ake gina ƙwaƙwalwa da ji da tsawon jiki, tun watannin fari, tun ba a ga ciki ba. Ya ce ba zai rantse mini ba a kan mutumin da bai ga haihuwarshi ba, amma in na tambaye shi, can ya fi zato.

"Wane gishiri kuke ci kuna yara?"

Na ce kantu mana, wanda raƙuma ke kawowa. A fasa a ba dabbobi, a daka saura a sa miya.

Ya ce kantu ba shi da laifi wurin dabba, amma iyod ɗinshi kusan babu. Shi ya sa yanzu ake zuba shi cikin gishirin kasuwa tun daga inda ake cika buhu.

A hanyar gida ban yi ma jaki tsawa ba ko sau ɗaya. Ƙanena yana bayana yana kallon ƙafarshi mai farin ɗauri, yana jin daɗinta kamar an ba shi takalmi. Da munka zo bakin ƙorama na tsayar da amalanke. Tsamiyar tana nan, ta tsufa kamar mu. Na yi mata sallama, na ce ta yi haƙuri, shekara sittin muna zarginta da abin da ba ta sani ba, har zakara munka yanka mata a banza. Na faɗa da wasa, amma sai da na goge ido da hannun riga kafin in hau.

Da maganar ta tsaya nan da ta zama labarin da nake ba tsofaffi bakin masallaci. Sai dai ɗana na auta ya tafi cin rani Abijan bayan girbi, ya bar mini matarshi a gida, ya ce, "Baba, amana." Ba a yi sati biyu da zuwanmu likita ba tsohuwata ta kawo mini fura, ta aje, ba ta tafi ba.

"Yarinyar nan ta ƙi warin daddawa," in ji ta. "Kada ka ƙara aikenta rijiya."

Na ce ni yaushe na aike ta rijiya?

"Ina dai gaya maka."

Na gane. Na sha fura ban ji ɗanɗanonta ba. Wanda ba ɗan nan ba ne sai ya ce, to ka kira yarinyar ka yi mata bayani mana. Ba a yi. Matar ɗana in ta gan ni durƙusawa take ta gaishe ni idonta ƙasa, ni kuma in amsa ina kallon rumbu. Ko sunan ɗana ba ta faɗa gabana, balle in buɗe baki in yi mata zancen abin da ke cikinta. Ni da na san magana ba ni da bakin faɗa, ita da ke da cikin ba ta da kunnen ji daga gare ni. Hanya ɗaya ta rage, tukunyar tsohuwa.

Ranar kasuwar Tabotaki na tafi wurin mai gishiri. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba sai da zagi.

"Bawan gidanmu, juyo mini buhun nan in karanta."

"Karanta? Ashe yau akwai kallo. Ku matso, mai lakkol zai yi karatu."

Ya juyo buhu, na sa yatsa na bi haruffa ɗaya bayan ɗaya, na kai ga kalmar da majo ya rubuta mini a takarda. Tana nan. Na karanta ta da ƙarfi sau biyu don masu albasa na gefe su amfana. Gishiri ne mai tsakuwa, ɗan toka-toka, irin wanda ake aunawa da tiya. Na sa ya auna mini, na kai gida na aje gaban tsohuwa, na yi mata jawabi kamar na sufeto ranar rabon kyauta: daga yau wanga za a sa miya, kantu na awaki ne, kuma yarinyar nan ta ci.

Ta ɗebi kaɗan ta duba. "Gishiri ne ko kilishi, da za a yi mishi huɗuba?"

Na ce gishiri ne mai magani.

"To. Aje."

Na aje, na koma rumfa ina jin na sauke amana. Kwana ashirin na yi ina cin tuwo ina yaba kaina.

Sai ga ranar awon ciki, wadda ta faɗo ranar kasuwa. Ungozomar likita, wadda muke ce ma sajfam, ta aiko a gaya ma mata kowace ta ƙullo ɗan gishirin da take miya da shi. Na ce ni zan kai su. Matar ɗana ta hau can ƙarshen amalanke ta ba ni baya, matan maƙwabta biyu sunka zauna tsakaninmu kamar danga. A likita maza gindin iccen waje suke tsayawa, amma na ce ni na karanta buhu, ina da haƙƙin shaida. Na tsaya bakin rumfar mata ina kallon sama.

Sajfam ta jera gishirin kowa kashi-kashi bisa farin faranti. Ta fito da ƴar kwalba, ta ce wanda ke da iyod in ta ɗiga mishi zai juye shuni. Ta ɗiga ma na fari, ya juye. Na biyu ya ɗan yi duhu. Na matar maƙwabcina, wanda mijinta ko sunanshi bai iya rubutawa, ya yi shuni kamar an tsoma shi a marina. Ta zo kan namu, na gyara hula. Ta ɗiga. Ta ƙara ɗigawa. Gishiri ya tsaya fari tas kamar rawanin ango.

Wata tsohuwa sa'ar matata ta leƙo ta ce, "Malam, kai ka yi lakkol, amma gishirinka bai yi ba."

Mata sunka tuntsure. Ni ban tsaya ba, na nufi kasuwa da sauri irin wanda gwiwata ta manta. Na iske taubashina yana cin gyaɗa.

"Ɓarawo. Buhu na gaskiya, gishiri na ƙarya. Mi ka zuba ciki?"

"Kai tsoho, rana ce ta buge ka?"

Na gaya mishi abin da ya faru, kuma da ya ji zancen mai ciki ne sai ya bar gyaɗa. Ya cika hannu daga buhun nan, ya ce mu je. Munka tafi likita, masu albasa uku na biye da mu don kada shari'a ta wuce su. Sajfam ta ɗiga ma na hannunshi, tun ɗigon bai zauna ba ya juye shuni.

Ya kakkaɓe hannu a hankali. "To, buhuna ya fita. Saura gidanka. Ni dama na san in abin kirki ya shiga gidan nan ba ya fitowa da rai."

Sajfam ta ce, "Baba, mi ake yi ma gishirin nan a gida kafin ya shiga tukunya?"

Na ce ni tsakanina da madafa sai in an ƙwala mini kira in zo in kashe kunama. Ta juya ga matar ɗana. Yarinya ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane. Ta sani sarai, amma ba za ta kai ƙarar uwar mijinta gaban jama'a ba, kuma ban ga laifinta ba.

Washegari da hantsi na ɗauko tsohuwar igiya na zauna inda nake hango madafa, wai ina gyara. Tsohuwa ta fito da gishiri, ta zuba a ƙwarya, ta kwarara ruwa, ta sa hannu tana cuɗawa kamar shinkafa. Ta tsiyaye ruwan cikin wani tsohon kwano, ta ƙara wani. Sau huɗu na ƙirga. Ƙanena ya zo da murna ya ɗauki kwanon ya kai ma awakinshi, sunka taso suna ture juna. Ita kuma ta baza gishirin a faifai, ta taka turmi ta ɗora bisa rufin rumfa inda rana ta fi zafi. Can za shi kwana biyu, sannan a daka, a zuba a ƙoƙo buɗe gefen murhu. Shekara arba'in da wani abu ana yin haka gaban idona. Na iya karanta buhu, amma faifan da ke bisa kaina ban taɓa tambayar mi yake yi can ba.

Na aje igiya. "Tsohuwa, mi kike yi haka?"

"Rawa nake. Ba ka gani?"

"Gishirin nan ba a wanke shi."

"Ba a wanke shi." Ta sauko daga turmi. "Abin da ya kwana kasuwa, hannun kowa ya shiga, ƙuda ya hau, ga yashi, ga gumin taubashinka. Shi zan zuba ma yarinya a haka? Da sau biyu nake wankewa. Don ita na mai da shi huɗu."

Ni na zo da faɗa, na tarar ƙauna ce ta yi ɓarnar. Na lallaɓa na ce maganin da ke ciki ruwa ke tafiya da shi, ina zato.

"Kana zato. Da wankakken gishiri na haifa maka bakwai, wanne ya fito da ƙaho?"

Na ce babu, alhamdu lillahi, ko da yake na biyu ban cire rai ba. Ba ta yi dariya ba. Na ce to mu je likita ta gani da idonta. Ta ce za ta, ba don ni ba, don ta ga ƴar da za ta koya mata gishiri.

Munka tafi da ƙulli uku: wanda ba a taɓa ba, wanda anka wanke, da wanda ya sha rana ya zauna gefen murhu. Matar ɗana ta biyo mu. Sajfam, Allah ya yi mata albarka, ta san da wa take magana. Ta durƙusa ta gaida tsohuwa, ta ce, "Inna, hannuna rawa yake, ke ki ɗiga." Ta miƙa mata kwalba. Tsohuwa ta ɗiga ma na fari, shuni. Na biyu, ɗan dishi-dishi kamar tsohon zane. Na uku babu komai. Ta ƙara mishi har sau uku, ta kai faranti bakin ƙofa ta duba a haske.

"To shi abin ina ya tafi?"

"Ruwa ya kwashi mai yawa, Inna, rana da zafin murhu sunka ƙarasa saura."

Tsohuwa ta aje faranti. Sannan ta ce, "Ruwan nan awaki ke sha."

Na ce shi ya sa kwanan nan nake ganin baƙar akuyar nan tana kallona kamar za ta yi mini gyaran karatu. Sajfam ta yi dariya har ta riƙe tebur, matar ɗana ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa. Tsohuwa ce kaɗai ba ta yi ba. Ta jira anka gama, ta rage murya.

"Ɗiyata, gaya mini gaskiya. Kwana ashirin ɗin nan da na yi ina wankewa, na cuci abin da ke cikin?"

Tsohuwa ce ta yi ma innarmu jinya har ta rasu, ta san wuyan nan da hannunta. Ita ke zuba ma ƙanena tuwo tun tana amarya, tana ce mishi mijinta ƙarami. Ashe duk abin da na faɗa mata ranar da na kawo gishiri ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba ne kawai don kada kaina ya ƙara girma.

Sajfam ta shafa wuyan matar ɗana, ta ce ta haɗiye miyau, ta ce babu kumburi. Ta ce, "Inna, ba zan ce miki kwanakin nan ba komai ba ne, don watannin fari suna da nauyi. Ba kuma zan ce an yi ɓarna ba, don ban gani ba. Cikin ƙarami ne, akwai sauran tafiya. Ku fara yau." Ta ce in datti ne a tsince da hannu, a daka a bushe, a zuba cikin abu mai murfi nesa da wuta, kuma a sa a miya in ta kusa sauka.

Kafin la'asar faifai ya sauko daga rumfa. Tsohuwa ta samo gwangwanin madara mai murfi, ta rataye shi cikin ɗaki inda ko ni sai da izini. Ba a yi sati ba na ji ta bakin rijiya tana gaya ma mata cewa ita dama ta daɗe tana shakkar wankin gishirin nan, mazan gida ne ba su jin magana. Na wuce abina. Mutumin da ke son tuwo ba ya gyara tarihi.

Sai kuma ta zarce. Tun da magani ne, in ji ta, a ƙara. Kwana uku muna cin miya muna bin randa, ƙanena ma da ba ya ƙin komai ya ɗaga kai ya dube ta. Da anka koma awo sajfam ta ce a'a, ba yawan gishiri ake so ba, yawanshi ma cuta ne ga mai ciki, shi kanshi iyod in ya wuce kima ba alheri ba ne. Gwargwadon da anka saba, na kirki kawai. Miya ta dawo hankalinta. Waɗanda sunka yi asara su ne awaki. Kwana da kwanaki suna zuwa bakin madafa da hantsi suna kallon tsohon kwano.

Daga nan sai jira, kuma jiran wanda ba shi da ikon tambaya ya fi tsawo. Damina ta sauka, munka yi shuka, munka yi noman fari da maimai. In matar ɗana ta durƙusa gaisuwa sai in saci kallon wuyanta da wutsiyar ido, in mai da ido ga rumbu. Rumbun nan ya sha kallo a shekarar. In anka dawo awo sai in tambayi tsohuwa ko jaki ya ba su wahala a hanya, ita kuma ta ce jaki lafiya lau, an auna shi an ce yana girma yadda ya kamata.

Gero ya fara nuna ta haihu, da safe, a likita. Ina gindin iccen waje tare da taubashina, wanda ya rufe buhunanshi ya zo wai don ya ga ko jaririn zai yi kama da mutane. Tsohuwa ta leƙo ta ce mace ce, uwa da ɗiya lafiya. Na ce alhamdu lillahi. Na ce, "Tana kuka?"

"Kai kurma ne?"

Na saurara. Ashe abin da nake ji tun ɗazu ina zaton ɗan akuya ne ya maƙale a danga, jikata ce.

Ranar suna mata na shiga suna addu'a, Allah ya raya, Allah ya sa mai haƙuri ce. Ta farin ina cewa amin da ƙarfi, ta biyun sai in yi tari. Na taɓa ganin jariri mai haƙuri, ya ishe ni. Kuma Allah ya karɓi tarina. Yarinyar nan ta yi kuka ba dare ba rana, in an aje ta kuka, in an ɗauka kuka, in zakara ya yi cara ta amsa mishi. Uwarta ta rame, tsohuwa ta ce ba ta taɓa ganin jaraba irin wagga ba, maƙwabta sunka fara gaishe mu da ya haƙuri. Ni kaɗai ke yawo cikin gida ina murmushi kamar wanda anka yi ma kiɗa.

Majo ya ce kada in yi saurin rawa, kuka ba shaida ba ne, a riƙa kawo ta awo, a ga zamanta da tashinta da maganarta. Munka kai. Ni ma na yi nawa binciken irin na masu ilimi: in lallaɓo bayanta in saki kwano ƙasa. Ta zabura ta tsala ihu, tsohuwa ta biyo ni da muciya. Sau uku na yi don a tabbatar, kwano ɗaya ya lotse. Ta zauna a kan kari, ta yi rarrafe, ubanta ya dawo daga Abijan ya tarar tana bin bango. Ko gishirin gwangwani ne ya yi, ko dama Allah ya nufa haka ko da ba shi, ban sani ba, majo ma ya ce bai sani ba. Na dai san abin da munka iya mun yi, bayan mun fara da ba awaki.

Yanzu shekararta huɗu. Ina ce mata amarya, tana ce mini tsoho mai kan ƙwarya, ta ce ba ta aurena sai na sayi haƙora. Bakinta ba ya hutawa, kuma kunnenta ya zame mini masifa, don ko goro na ɓare a ɓoye bayan rumbu sai ta ji ta kai rahoto.

Abin da ban zata ba shi ne shaƙuwarta da ƙanena. Tun da ta iya tafiya take bin shi bayan gida inda yake ɗaure awaki. Babu wanda ya koya mata, ita ta gano cewa in anka kira shi daga baya ba ya ji. Sai ta ja mishi riga, ta zagayo gabanshi, ta ɗaga kai, ta buɗe baki sosai ta maimaita abin da anka ce. Tsawonsu bai yi nisa da juna ba, ba ya wahalar duƙawa. Shekara sittin muna yi mishi ihu, ga wadda ke gaya mishi magana a hankali yana ganewa. Har sabbin kalmomi ya fara fitarwa, mafi yawansu na tsiwa.

Shekaranjiya da hantsi na tsaya ƙofar gida na kira shi ya zo ya kama mini jaki. Suna zaune su biyu bisa turmin da ya kife suna cin ɗanyar gyaɗa. Ta ji, ta ja rigarshi, ta zagayo gabanshi. Ina jin ta daga inda nake.

"Yayanka na kira. Amma gama cin gyaɗarka tukuna, shi ba aikin da yake."

Ya dube ta, ya dube ni, ya fara dariya har ya zame daga turmi ya zauna ƙasa. Na tsaya riƙe da igiyar jaki har sunka gama gyaɗar.